Rediyon kakana mai bawul: in canza kafasitocin gaba ɗaya ko in bi su ɗaya bayan ɗaya?

Jikan Malam:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Shawara nake nema. Makon jiya muna gyara ɗakin kakanmu a Zariya, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da rediyonsa a bayan akwatunan littattafai, an lulluɓe shi da tsohon zane. Philips ne na katako, yana da matsakaicin zango da gajeren zango kashi biyu. Mahaifina ya ce da shi ake jin labaru a zaure suna yara, maƙwabta su taru bayan isha'i, kuma rabon da a kunna shi tun wajen 1980, da aka sayo ƙarami mai batir.

Na buɗe bayansa na share ƙura da gidan zanzaro. Bawul shida ne a ciki, wato ƙwayayen gilashin nan da tsofaffin rediyo ke aiki da su: ECH81, EF89, EBC81, EL84, EZ80, sai EM80 mai koren ido a gaba, wanda ke nuna ƙarfin tashar da aka kamo. Ɗoki ya sa na jona shi da wuta. Fitilun gaba suka kama, bayan kamar minti ɗaya sifika ta fara gurnani, babu tasha ko ɗaya, sai kuma wari kamar na kwalta a kan wuta. Nan take na zare filogi.

Wani abokina ya ce in cire duk kafasitocin ciki, wato 'yan na'urorin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, in sa sababbi. Na leƙa ƙarƙashi na ƙirga, sun haura 40. Ni wayarin gida da gyaran fanka ne sana'ata, ina da mita kuma na iya liƙin dalma, amma ban taɓa taɓa mai bawul ba. Ta ina zan fara?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ɗana, abu na farko: kada ka ƙara jona shi, ko na ƙiftawar ido, sai mun gama magana. Allah ya taimake ka da ka yi saurin zarewa.

Warin kwaltan da ka ji, kwalta ce kuwa. Philips na shekarun 1950 baƙaƙen kafasitoci yake sawa, takarda da siririn farantin ƙarfe a naɗe, an dulmuya su cikin baƙin abu mai kama da kwalta. Mu a zamaninmu kwandansa muke ce musu. In ka duba da kyau za ka ga wasu sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Takarda tana shan laima, kuma shekara wajen saba'in ba wasa ba ce. Idan ta sha, kafasitar da aikinta shi ne ta tare wutar DC sai ta koma tana yoyo.

Cikinsu duka akwai guda ɗaya da nake so ka nemo kafin komai. Ta taso daga anod ɗin EBC81 (inda sauti ke fita daga bawul) ta nufi girid ɗin EL84 (inda sauti ke shiga), wato ƙafa ta 2 a gindin bawul ɗin, wani lokaci ta biyo ta wata ƙaramar resista. Ita ce ke miƙa sauti daga wannan bawul zuwa wancan. A gefenta guda akwai wuta wajen 100V, a ɗaya gefen ya kamata a samu sifili. In ta yi yoyo, EL84 zai ja wuta fiye da ƙima, ya yi zafi, ya ja taransifomar sifika ta ƙone, in ba a yi sa'a ba har babbar taransifoma ta bi. Kafasitar nan ba ta kai kuɗin ƙosai ba. Taransifomar kuwa in ta tafi, ka yi ta yawo daga Kaduna har Legas ba lallai ka samo irinta ba.

Gurnanin kuma daga babbar gwangwanin alminiyon nan yake, wadda ke tsaye kusa da EZ80. Karanto mana abin da aka rubuta a jikinta.

Injiniyan Kurna:
Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake. Amma ni ra'ayina abokin nasa bai yi nisa da gaskiya ba, bai dai tantance ba ne. Duk wata kafasitar takarda da ke cikin rediyon nan ta mutu ko tana kan hanya. Babu wadda za a ce tana da sauran rai. Haka ma masu ruwan sinadari, irin gwangwanin da ƙaramar da ke katod ɗin EL84, wato ƙafarsa ta 3. To me za a tsaya gwadawa? A zauna rana ɗaya a kwashe su duka, baƙaƙen nan ba za su wuce 12 zuwa 15 ba, a huta.

Waɗanda ba a taɓawa su ne na maika, da na yumɓu masu kama da ƙaramin bututu, da masu ɗan murfi da ake murzawa a kusa da na'urar kamo tasha. Waɗannan ba su cika lalacewa ba, kuma da su aka daidaita rediyon tun daga masana'anta. Philips a kan 452 kHz yake daidaita zangonsa na ciki, wanda yake mai da kowace tasha kansa kafin ya ƙara mata ƙarfi. In ka canza su ko ka murza dunƙulen cikin gwangwanayen nan masu kusurwa huɗu, sai an nemo janaretan sigina kafin ya dawo daidai. Shi ya sa 40 ɗin da ka ƙirga, fiye da rabi ba ruwanka da su.

Baba Mai Rediyo:
Injiniya, a kan cewa baƙaƙen duk za su fita, ba mu da saɓani. Inda muka rabu shi ne "rana ɗaya". Kai ka saba, idonka ya san hanya. Wannan yaro yau ya fara.

Na taɓa yin wani almajiri mai hannu sosai, liƙinsa ya fi nawa kyau. Aka kawo mana Grundig yana magana ƙasa-ƙasa, ina kasuwa ya zauna ya canza kafasita 14 don ya burge ni. Na dawo rediyo ya yi gum. Kwana uku muna nema, ashe ƙafa ɗaya ya liƙa a maƙwabciyar inda ya cire. Da ɗaya ya canza ya gwada, cikin minti biyar zai gane. Wanda ya canza 14 a tashi ɗaya yana da wurare 28 da zai yi zargi, ga laifin asali da bai riga ya gano ba.

Tsarina shi ne: a canza waɗanda za su iya yin ɓarna tukuna, a tashi rediyon a hankali har ya yi magana ko yaya, sannan a bi sauran ɗaya-ɗaya, kowace aka canza a kunna a saurara. Ta haka ma mutum yake sanin aikin kowace. Ka canza wannan ka ji murya ta washe, ka canza waccan ka ga idon ya fara rufewa. Wannan karatu ne da babu shi a littafi.

Malamar Kimiyya:
Baba ina wuni. Ina bin maganar nan da sha'awa don ina koyar da darasin kafasita a aji. Tambayata: tunda yana da mita, me zai hana ya auna kowace ya ga mai kyau da marar kyau, maimakon a yi ta zato?

Injiniyan Kurna:
Malama, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Mitar hannu da batir 9V take aiki, kuma abin da take sa wa kafasita lokacin awo bai ma kai haka ba. Yoyon takarda kuwa sai an ɗora mata 200V ko 300V yake fitowa sosai. Sai mita ta ce lafiya lau alhali ba lafiya. Wani abin ma, in kika auna girmanta da ƙananan mitocin nan, mai yoyo takan nuna adadi sama da wanda aka rubuta a jikinta, mutum ya ɗauka ƙarin kyau ne.

Ga lissafin da za ki iya kai wa ɗalibai. A ce anod ɗin EBC81 yana kan 100V, resistar da ta sauko daga girid ɗin EL84 zuwa ƙasa (jikin ƙarfen rediyon) kuma 680k ce, wato 0.68M. A ce kafasitar ta lalace har ta zama kamar resista mai 20M. Yawancin mitoci za su nuna wannan kamar babu komai. Amma ki raba: 100 sau 0.68 a kan 20.68, kin samu sama da 3V a kan girid. Shi kuwa EL84 gaba ɗaya wajen 7V ne ke riƙe da linzaminsa, a 250V yana jan kimanin 48mA, kuma iyakar zafin da anod ɗinsa ke ɗauka 12W ne, wanda dama a bakinsa yake aiki. Kin ga 3V ba ƙaramin abu ba ne. Kuma da kafasitar ta ɗumama yoyon ƙaruwa yake.

Mai son gwajin gaske sai ya nemi mega, irin wadda masu wayarin ke gwada rufin waya da ita a 500V. Jikan Malam, wataƙila ma kana da ita a wurin aiki.

Na Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu "poste à lampes" tsofaffin masu gyara ke cewa, bawul kuma lamp. Ina da guda uku a gida, biyu na Faransa ɗaya na Holan. Ina tare da Baba a kan bi a hankali, kuma ina da ƙari a kan gwangwanin.

Ba kowace gwangwani ake yarwa ba. Abin da ke raba farantan cikinta wani siririn rufi ne da wuta da kanta take ginawa a jikin alminiyon. In ta daɗe a ajiye rufin yakan zaizaye, amma in ruwan cikin bai bushe ba ana iya sake gina shi. Ni nakan cire wayoyinta, in ba ta wuta ta cikin resista 10k mai 5W ko fiye, in riƙa auna abin da ke faɗuwa a kan resistar. Kowane 10V daidai yake da 1mA. Da farko adadin yana sama, sai ya riƙa sauka. In cikin 'yan awoyi ya sauko ƙasa da 1mA a cikakkiyar wutarta, kuma jikinta bai yi ɗumi ba, na bar ta. Ɗaya daga cikin nawa shekara shida ke nan da na yi mata haka, har yau babu gurnani.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan: in ka buɗe rediyon 1950 da wani abu ka tarar da cikinsa duk rawaya da shuɗin kayan zamani, wani abu ya tafi. Kamar a yi wa tsohon soro filasta da siminti.

Injiniyan Kurna:
Yayana na Damagaram, na yarda ana farfaɗo da su, na ga an yi. Amma ka tuna inda muke. Ɗakin da aka rufe a Zariya ko Damagaram a watan Afrilu zafinsa ya wuce 40, shekara da shekaru. Zafi shi ne babban abokin gabar ruwan cikin nan. Wadda ta kwana a ɗakin sanyi a Turai daban, tamu daban. Kuma wannan ta riga ta yi gurnani, an kuma buga mata cikakkiyar wuta ba shiri. Sannan in ta gaza ba a hankali take gazawa ba, tana iya haɗewa ta tafi da EZ80. Rediyon da za a ajiye a zaure yara na kai da kawowa, ni ba zan yi caca da shi ba.

Na Damagaram:
Ba caca ba ce in an auna. Ya gwada, in ta ƙi sai a canza. Awo ne zai raba mu.

Mai Gyaran Waya:
Ni fa ina ganin wahala ce kawai. A kwashe kayan cikin, a bar akwatin da sifikar, a sa ƙaramin allo mai Bluetooth da FM. Awa ɗaya an gama, ba haɗarin wuta, kuma zai kama duk tashoshin gari. Yanzu wa ke jin gajeren zango?

Jikan Malam:
Na gode ɗan uwa, amma ba akwatin nake so ba. Mahaifina ya ce a cikin wannan rediyon kakanmu ya riƙa jin BBC Hausa tun farkon buɗe ta a 1957, da Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Ya ce yana tuna yadda ake jira ya yi ɗumi, koren idon ya bayyana a hankali kafin murya ta fito. Wannan jiran nake so ya sake gani da idonsa, yanzu da ya manyanta. In na kwashe cikin, me zan nuna masa?

Kuma har yanzu ana jin gajeren zango. Je ka ƙauye da asuba ka gani.

Baba Mai Rediyo:
Madalla da wannan amsa. To tunda za ka shiga, saurara da kyau, don wannan ɓangaren ya fi duk sauran muhimmanci.

Wutar cikin rediyon nan ta fi ta soket. Akwai 250V zuwa 300V na DC, kuma gwangwanin tana iya riƙe ta bayan ka zare filogi. Kafin ka sa hannu, ka sauke ta da resista kamar 22k mai 5W da ka liƙa wa wayoyi masu rufi, daga ƙafar gwangwanin zuwa shasi, wato farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kai, sannan ka auna da mita ka tabbatar. Kada ka haɗe ta da sukudireba. In kana awo rediyo na kunne, maƙala baƙar wayar mita a shasi tun kafin ka kunna, ka yi aiki da hannu ɗaya, takalmin roba a ƙafarka, ba a kan danshin siminti ba.

Bawul ɗinka masu E ne, alamar akwai taransifoma. Duk da haka auna tsakanin ƙafafun filogi da shasi, ka tabbata babu haɗi. Masu U, irin UL41 da UY41 da ke cikin ƙananan Bush na Ingila, su ba su da taransifomar da ta raba su da wutar gari, shasin kansa yana iya zama a kan layin wuta. Wanda duk ke karanta wannan yana da irinsu, ya kiyaye.

Sai ka haɗa ƙwan gwaji. Ka san shi a wayarin: ƙwan fitila a jere da rediyon, a kan layin wuta, yadda duk abin da rediyo zai ja sai ya bi ta cikin ƙwan. Dole ya zama tsohon ƙwai mai zare, 60W ko 100W. Na LED ba ya yi. In lafiya, ƙwan zai ɗan haska da farko, ya dushe, ya ɗan ƙaru kaɗan sa'ad da EZ80 ya yi ɗumi. In ya haska sosai ya tsaya a haka, kashe, akwai inda ya haɗe. Ƙwan ne zai sha wahalar maimakon taransifoma.

Ka duba bayan shasi kuma, akwai ɗan faifan zaɓen wuta mai lambobi. In akwai 240 ko 245, mai da shi can. Kuma kada ka gwada shi da ƙaramin janareta.

Jikan Malam:
Baba na gode, Allah ya saka da alheri. Kwana biyu ina nema kafin na samu ƙwai mai zare, a wurin wani mai kiwon kaji da ke ɗumama 'yan tsaki da su. Babu haɗi tsakanin filogi da shasi. Faifan a kan 220 yake, na mai da shi 245. Gwangwanin an rubuta 50+50 µF. Baƙaƙen na ƙirga 13, biyar sun tsage, ɗaya ta narke ta ɗiga a kan shasi, ita ce ta yi warin. Na ɗauki hoton kowane lungu kafin in taɓa komai.

Na aro mega a wurin maigidana. Wadda Baba ya ce in nemo, na ɗaga ƙafarta ɗaya na gwada, ko 2M ba ta kai ba.

Matsalata yanzu rubutun jikinsu. Wata an sa 22K, wata 4K7, wata 47K. Na ɗauka K na resista ne. Kuma a shago ba su gane abin da nake nema ba, kafasitar fanka suke miƙo mini.

Injiniyan Kurna:
Ƙasa da 2M! Da ka bar shi minti goma a kunne da yanzu wani zance ake.

Rubutun Philips ne, da pF suke ƙirga. 22K na nufin 22,000pF, wato 22nF ko 0.022µF, a sababbi za ka ga 223. 47K shi ne 47nF, lambarsa 473. 4K7 kuma 4,700pF, lambarsa 472. A rediyon Ingila da Amurka za ka tarar da 0.05 ko 0.02, sai ka sa 0.047 da 0.022, bambancin ba ya komai. Tsofaffin na Jamus har da "cm" suke rubutawa, kowane ɗaya kusan 1.1pF.

Ka ce musu kafasitar leda kake so, ba mai ruwa ba, mai 630V. Ba ta da kai ko gindi, duk yadda ka juya ta daidai ne. Zoben da ke jikin tsofaffin alamar farantin waje ne kawai. Guda biyu ne ke da sharaɗi. Wadda ke kan taransifomar sifika, gefen anod ɗin EL84, tana shan duka fiye da sauran, a nemo mai 1000V ko sama. In kuma akwai wadda ke kan layin wutar gari, dole a sa mai tambarin X2 in tsakanin wayoyin biyu take, Y2 in daga waya zuwa shasi take. An ƙera su ne yadda in sun gaza ba za su tada gobara ko su sa shasi ya ɗauki wuta ba.

In shago babu, je wurin masu tsofaffin talabijin masu ƙusumbi. A allonsu, kusa da taransifomar layi, akwai na leda masu 1600V. Akwatin wutar tsohuwar kwamfuta kuma akwai X2 da Y2 a bakin shigar wuta.

Gwangwanin in za ka canza, 47µF biyu masu 450V. Kada wani ya ce maka ka sa 220 ko 470 don gurnani ya mutu. EZ80 iyakarsa 50µF a kafasitar farko, in ka zarce kana kashe shi a hankali. Su kuma waɗannan suna da kai da gindi, in ka juya su fashewa suke.

Na Damagaram:
Masu ruwan kam saya sababbi, kada ka ciro daga tsohon allo. Kuma ka lura da nauyi. Na taɓa sayen wata a wani shago, jikinta babba amma ba nauyi, na fasa na tarar da 'yar ƙarama a ciki an rufe da gwangwani. In kana da hali auna ta kafin ka sa.

In ta ƙi farfaɗowa, ka bar gwangwanin a tsaye a inda take don kyan gani, ka cire wayoyinta gaba ɗaya, ka ɗaure sababbin a ƙarƙashi a kan 'yar tasha. Kada ka liƙa sabuwa a kan tsohuwa tana haɗe, in tsohuwar ta haɗe sabuwar ba za ta cece ka ba. Wasu ma sukan yanke gindin gwangwanin su kwashe cikin su cusa sababbi. Ni na yi sau ɗaya, aiki ne na haƙuri, kuma a sa safar hannu.

Jikan Malam:
Ga inda aka kwana. Na gwada hanyar Yaya na Damagaram. Ɓangare ɗaya na gwangwanin ya sauko da kyau, ɗayan awa biyar bai sauka ƙasa da 6mA ba, jikinta kuma ya yi ɗumi. Na cire ta daga aiki na sa sababbi a ƙasa, ita tana nan tsaye.

Na canza ta girid ɗin EL84, na canza wadda ta narke, na kunna ta cikin ƙwan 100W. Ya yi yadda Baba ya faɗa daidai. Gurnani ya tafi. A EL84, ƙafa ta 2 sifili, ƙafa ta 3 tana kan 5V da 'yan kai. Na sa waya mai tsawon kamu goma a ramin eriya, sai ga murya can ƙasa a gajeren zango! Hannuna har rawa yake.

Daga nan na bi su ɗaya-ɗaya ina rubutawa a littafi. Ta huɗu da na canza, wadda ke kan EF89, ƙara ta ninka. Amma ta shida, ta kan taransifomar sifika, ina canza ta murya ta koma kamar mai magana a cikin tulu. Ana ji amma ba a fahimta. Na tsaya a nan ban ƙara taɓa komai ba.

Baba Mai Rediyo:
Alhamdu lillahi. Tsayawar da ka yi ita ce daidai. Ɗauko tsohuwar da ka cire ka karanta, ka karanta sabuwar. Ina zaton tsohuwar 4K7 ce, kai kuma ka sa 473. Aikin wannan kafasitar ta rage kaifin sauti kaɗan. In ka ninka ta sau goma sai ta haɗiye duk siririn sautin, ta bar maka gangar kawai.

Ta kan EF89 da ka ce ƙara ta ninka, tana janye wutar girid na biyu ne zuwa ƙasa. Auna resistar da ke ba ta wuta, ta daɗe tana shan zafi, irinsu sukan hau sama da adadinsu. In ta wuce da kashi 20 cikin ɗari canza ta.

Jikan Malam:
Baba, haka ne. 473 na sa. Na samo 472 mai 1600V a allon talabijin, murya ta washe tas. Resistar kuma an rubuta 47k, ta nuna 68k, na canza.

Injiniyan Kurna:
Baba, wannan kam na sallama, littafin da bi ɗaya-ɗaya sun yi rana. Da 13 ya canza a tashi ɗaya da yanzu muna zargin sifika ko EL84. Amma gwangwanin ta goyi bayana.

Na Damagaram:
Rabinta ta goyi bayanka, Injiniya. Kuma awo ne ya faɗa, ba zato ba. Jikan Malam, ka adana baƙaƙen da ka cire a cikin 'yar leda, ka sa takarda mai kwanan wata da abin da ka canza, ka ajiye a cikin akwatin nesa da bawul. Wanda zai buɗe shi bayanka zai gode maka.

Malamar Kimiyya:
Na kai wa 'yan ajina lissafin 3V ɗin nan jiya, sun fi gane shi a kan misalan littafi. Jikan Malam, in ba damuwa ina son guda ɗaya daga cikin waɗanda suka tsage, in warware ta a gabansu su ga takardar da farantin da idonsu.

Jikan Malam:
Malama, na ware miki biyu.

Daren jiya na cire ƙwan gwaji na jona shi kai tsaye. Katod 6.6V, babbar wuta 255V, awa ɗaya taransifoma ɗumi kawai ta yi. Na kai shi zaure bayan isha'i na kira mahaifina na ce ya murɗa da kansa. Bai ce komai ba har idon ya fito. Sai ya kai hannu ya juya allurar zuwa wajen mita 49 ba tare da ya duba gilashin ba, ya ce nan Malam yake barin ta. Mun samu tashoshi da dama, har da ta Hausa guda a sama kaɗan. Ya zauna har kusan sha ɗaya.

Saura abu biyu. Idon ya dushe, sai an kashe fitila ake ganinsa sosai, kuma ba ya rufewa ko a tasha mai ƙarfi. Sannan akwai wani zizar da ke cika matsakaicin zango.

Baba Mai Rediyo:
Allah ya yi maka albarka, ka gaishe mini da mahaifin naka. Dushewar ido tsufa ne, koren garin da ke jikinsa ya ƙare, ba kafasita ba ce, bar shi haka har Allah ya kawo wani EM80. Rashin rufewar kuwa, a cikin baƙaƙen da suka rage akwai 47K a kan layin da ke rage ƙarfin tasha da kansa, yana tafiya zuwa ECH81 da EF89 da idon. Ita za ka canza gaba, ka kuma auna babbar resistar da ke gindin idon, takan hau. Zizar kuma kafin ka zargi rediyo, kashe fitilun LED da cajar waya da inbata na gidan ɗaya-ɗaya ka saurara, ka fitar da wayar eriya waje ta yi nesa da wayarin ɗaki. Baƙaƙe nawa suka rage?

Jikan Malam:
Bakwai, Baba. Zizar daga cajar fitilar sola ce, ina zare ta ya yi shiru. Gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan fara da 47K ɗin.